Tarihin Ƙira da Koyonta a Gida a Ƙasar Tunuga

Gabatarwa

Duk lokacin da aka zauna ƙidayar shekarun sarauta, abin da aka saba kawowa shi ne sunayen sarakuna, da yaƙe-yaƙe, da shekarun yunwa da na wadata. Amma akwai wani mutum da ba kasafai ake ambatonsa ba, alhali da wuya a sami shafi ɗaya na tarihin gari da babu hannunsa a ciki. Wannan mutum shi ne maƙeri. Shi ya ƙera hauyar da aka sare daji aka kafa gari da ita, shi ya ƙera mashin da aka tsare garin da shi, shi ya ƙera linzamin dokin sarki da askar da aka yi wa jariri aski ranar suna. Wannan rubutu zai bi sawun sana'ar ƙira a ƙasar Tunuga da kewayenta, ya nuna inda ta samo tushe, da yadda ake koyonta a cikin gida daga uba zuwa ɗa, da irin sauyin da ta gani cikin shekaru ɗarin da suka wuce, da kuma abin da ke gab da suɓuce wa jama'a daga cikinta.

Ƙasar da ba ta rabuwa da maƙeri

Tunuga tana can ƙuryar kudancin Jamhuriyar Nijar, cikin gundumar Gaya ta jihar Doso, inda iyakokin Nijar da Najeriya da Benin suka haɗu. Kogin Kwara ya raba ta da Benin, Kamba ta jihar Kabi kuma tana maƙwabtaka da ita ta gabas. A wannan yanki ne Dallol Mawri, bayan ya haɗu da Dallol Foga, yake gangarawa cikin kogi. Yankin Gaya ya fi ko'ina a Nijar samun ruwan sama, domin yakan kai wajen milimita 800 a shekara. Kyangawa da Dandawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Sarkawa duk sun daɗe suna zaune tare a wannan ƙasa.

Kowace sana'a ta wannan yanki tana da nata ƙarfe. A arewacin Nijar, inda ƙasa take rairayi, manomi yana tsaye yake tura doguwar hauya ya yi noma. A nan kuwa ƙasa tana da nauyi, ciyawa tana da ƙarfi, saboda haka ana buƙatar garma mai faɗi don yin kunya, da fartanya mai kaifi. Mai noman shinkafa a bakin kogi yana son lauje, mai rake a fadama yana son adda, mai haƙar muruci a dajin giginya yana son dagi. Basarke yana neman ƙugiya da zago da ƙusoshin haɗa jirgi. Hatta masu dafa gishirin Foga, wanda Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya gani da idonsa ya kuma bayyana a tafiyarsa ta shekarar 1853, sai da ƙarfe suke kankare ƙasar gishiri, da shi kuma suke saro itacen dafuwa.

Zamanin tama

Aikin ƙarfe a wannan sashe na Afirka tsoho ne ƙwarai. A dutsen Termit da ke gabashin Nijar, masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narka tama da suka haura shekaru 2,500, wasu masana ma suna kai su baya fiye da haka. A Taruga, cikin yankin Nok na Najeriya, an tono tanderun narka ƙarfe masu shekaru kusan haka. Mashahurin matafiyi Ibn Batuta ya sauka a Takadda, yamma da Agadas, a shekarar 1353, ya kuma ba da labarin yadda ake narka jan ƙarfe a can ana kai shi ƙasashe masu nisa. Tarihin baka na Kano yana cewa maƙera ne, waɗanda ake kira Abagayawa, suka fara zama a gindin dutsen Dala saboda neman tama, kuma daga Gaya suka fito. Sai dai mai karatu ya lura, Gayar ƙasar Kano ake nufi, wadda sunanta ya yi daidai da na Gayar Dandi.

A nan kusa ma ƙasa ta ba da shaida. Tsakanin 2011 da 2015, wata tawagar masana ƙarƙashin jagorancin Anne Haour ta Jami'ar East Anglia da ke Ingila, tare da masanan Jami'ar Abomey-Calavi, ta yi bincike a ɓangaren Dandi da ke hayin kogi, cikin Benin. Sun tono tsohon kufai na Birnin Lafiya, inda mutane suka zauna tun daga wajen ƙarni na 4 har zuwa na 13. Sun kuma ci karo da tulin kashin maƙera a wurare da dama, abin da ya nuna cewa an yi ƙarnuka ana narka tama a Dandi, kuma ta hanyoyi daban-daban. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne: duwatsun da suka yi wa dallol da kwarin kogi katanga suna ɗauke da jan dutse mai tama, ga kuma itacen ƙirya, wanda gawayinsa ya fi kowane riƙe wuta.

Narka tama aikin rani ne, aikin gayya kuma. Da farko a haƙo tama a farfasa ta, a tsince mai kyau. Sannan a sari ƙirya a ƙona gawayi mai yawa, domin nauyin gawayin da ake ci yakan zarce na ƙarfen da za a samu nesa ba kusa ba. A gina tanderu na yumɓu, a jera masa bututun shigar iska a gindi, a riƙa zuba gawayi da tama hawa-hawa. Zafin irin wannan tanderu yakan kai wajen digiri 1,200, ƙarfe kuwa ba ya zama ruwa sai ya kai digiri 1,538. Saboda haka datti ne yake narkewa ya tsiyaye ya zama kashin maƙera, shi kuma ƙarfen ya dunƙule wuri ɗaya kamar soso. Wannan dunƙule ake fasawa a raba, a kai maƙera a yi ta gasawa ana duka har ya tsarkaka. Wanda ya san wannan wahala zai gane dalilin da ya sa mutanen da ba sa yar da tsohuwar hauya: idan ta cinye a mai da ita fartanya, idan fartanya ta cinye a mai da ita wuƙa, daga wuƙa a koma basilla.

Maƙera da fada

Ƙasar Dandi ta daɗe a kan hanyar mayaƙa da fatake. A ƙarni na 16 Kanta ya kafa daular Kabi da babban birninta a Surame. Bayan yaƙin Tondibi na 1591, lokacin da rundunar Maroko ta karya daular Sonai, sarakunan Askiya kudu suka yo, suka riƙe Dandi. Bayan jihadin 1804 yankin ya shiga ƙarƙashin ikon Gwandu, sannan a 1849 Kabawa suka yi tawaye a ƙarƙashin Yakubu Nabame, Dandawa da Zabarmawa da Arawa kuma suka mara masu baya. A irin wannan zamani, garin da ba shi da maƙera masu ƙera kan kibiya da mashi da likkafa bai cika kwana da kwanciyar hankali ba.

Wannan ne ya sa a ƙasashen Hausa aka yi sarautar Sarkin Maƙera. Shi ne tsani tsakanin fada da masu sana'a: ta hannunsa aikin sarki yake isa ga maƙera, shi yake sasanta rigimarsu, shi yake karɓar baƙon maƙeri ya nuna masa inda zai kafa uwar maƙera. Maƙera suna da kiɗansu na dundufa, suna da wasan wuta da suke yi a ranakun buki, an kuma san su da maganin ƙuna. Da yawa daga cikinsu suna danganta asalin sana'arsu ga Annabi Dawuda (AS), wanda Alƙur'ani ya ambata cewa an tausasa masa ƙarfe. Sana'ar ta kasu biyu: akwai maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe, akwai kuma maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla da jan ƙarfe, waɗanda ke ƙera zobe da awarwaro da kayan adon doki.

Maƙera ita ce makaranta

Maƙerar gargajiya ba wani babban gini ba ce. Rumfa ce ko zaure a ƙofar gida, wani lokaci ma inuwar itace. Kayan aikinta mutum biyu za su iya ɗauka: uwar maƙera da ake kafewa a ƙasa ko a kan kututture, zugazugi na fatar akuya, masaɓa don duka mai nauyi, muntalaga don gyaran ƙarshe, awartaki na riƙe ƙarfe mai zafi, kurfi na yanka, madoshi na huda, magagari na wasa baki, da kaskon ruwa a gefe. Mafi yawan waɗannan kaya maƙerin da kansa yake ƙera su, ko kuma ya gaje su.

Yaro yana shiga wannan makaranta tun bai san ya shiga ba. Aikinsa na farko ɗebo gawayi da ruwa da shara. Idan hannunsa ya yi ƙwari sai a zaunar da shi a bayan zugazugi. Mai kallo yana ganin zuga ƙaramin aiki ne, amma a nan ake koyon rabin sana'a. Mai zuga yana fuskantar wuta yini guda, idonsa na kan ƙarfe, har ya iya bambanta launukansa: ja mai duhu bai isa duka ba, ja mai haske ya isa, idan ya yi ɗorawa ya yi laushi sosai, idan kuma ya yi fari yana tartsatsi to ko dai lokacin haɗa shi da wani ƙarfen ya yi, ko kuma ya fara ƙonewa. Shi ya sa maƙera suka fi son rumfa mai duhu-duhu, domin hasken rana yana ɓoye launin ƙarfe. Karin maganar nan da ke cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, ɗan maƙeri da idonsa yake koyonta kafin ya ji ta a baki.

Daga zuga sai riƙon masaɓa. Uba yana riƙe da ƙarfe da awartaki, yana nuna wurin duka da ƙaramar guduma, ɗa kuma yana sauke babba a daidai wurin. Ba a cika yin dogon bayani ba. Amon guduma shi ne magana. Bayan haka sai a ba shi guntun ƙarfe ya gwada nasa: ƙusa, matsefata, basilla, ƙugiya. Waɗannan ƙananan abubuwa sun ƙunshi dukan tushen aiki, wato jan ƙarfe ya yi tsawo, da fiƙe shi, da baje shi, da lanƙwasa shi, da huda shi. Wanda ya iya ƙusa madaidaiciya zai iya wuƙa. Wanda ya iya wuƙa zai iya lauje. Daga nan sai fartanya da gatari. Garma ce takan zo a ƙarshe, domin tana buƙatar a baje ƙarfe da faɗi ba tare da wani gefe ya fi wani kauri ba.

Sirrin da ake jinkirta koyarwa shi ne taurara baki. Ƙarfen da ke da isasshen sinadarin gawayi a jikinsa, idan aka gasa shi ya yi ja aka tsoma shi cikin ruwa ko mai, yakan yi tauri ƙwarai, amma ya zama mai saurin karyewa. Dole a sake ɗumama shi a hankali ana kallon launin da ke bin bakinsa, daga ruwan ƙasa mai haske zuwa shuɗi, sannan a tsayar da shi a daidai inda ake so. Bakin aska da bakin gatari ba taurinsu ɗaya ba. A nan ake gane gwani, kuma a nan manomi yake sanin ƙofar wanda zai koma baɗi.

Tare da aikin hannu, yaro yana koyon ladabin wuri: ba a tsallake kayan aiki, ba a ɗaukar ƙarfen da ke ƙasa sai an kusanta masa bayan hannu an ji ko da zafi, ba a mayar da mai gyara hannu wofi don ba shi da kuɗi a lokacin shuka. A ƙauyuka da yawa sai da kaka ake biyan maƙeri da damen hatsi, saboda haka albarkar gonar manomi ta shafe shi kai tsaye.

Zuwan Turawa da ƙarfen waje

Tun kafin mulkin mallaka ƙarfen Turai yana shigowa ta hamada. Barth ya tarar da ruwan takubba na garin Solingen na Jamus a kasuwar Kano, inda masu sana'a na gida suke yi masu ƙota da kube. Amma wannan kaya ne na masu hali. Babban sauyi ya zo ne bayan Faransawa sun kafa sansani a Doso a 1898, aka kuma shata iyaka tsakaninsu da Ingilishi da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, na Kwatano kuma ya isa Paraku a 1936. A 1958 aka buɗe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, manyan motoci suka riƙa ratsa yankin dare da rana.

Tare da jirgi da mota sai ga tsohon ƙarfe a yalwace: guntayen dogo, sifirin mota, gatarin ƙafa, duro, da sauransu. Ƙarfen sifirin ya fi wanda ake samu daga tanderu daidaito, ga shi da araha, ba ya kuma buƙatar watanni ana haƙa da ƙona gawayi. A gefe guda, dokar gandun daji da Faransa ta kafa a 1935 a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma ta ƙuntata saran manyan itatuwa. Sannu a hankali tanderu suka mutu. A shekarun 1960, lokacin da Bafaranshiya Nicole Echard take bincike a tsakanin maƙeran Adar, narka tama tana gab da ɓacewa. Fim ɗinta mai suna Noces de feu, wato auren wuta, yana daga cikin shaidu kaɗan da suka rage na yadda Hausawa suke yin wannan aiki. Maƙeri ya samu sauƙi, amma rabin iliminsa na gado, wato sanin dutse da ginin tanderu, ya tafi tare da tsofaffi.

Bayan samun ƴancin kai

Daga 1960 zuwa yau, ƙira ta ci gaba da sauya kama. Bayan farin 1973 da 1974, hukuma ta ƙarfafa noma da shanu, aka kafa cibiyoyin ƙera garmar shanu da amalanke: CDARMA a Doso, ACREMA a Tawa, UCOMA a Damagaram. Maƙeran karkara da dama sun koyi gyaran waɗannan kaya da ƙera kayan maye gurbinsu. Bayan farin 1984 aka zaburar da noman rani, buƙatar kayan ban ruwa da na lambu ta ƙaru. A shekarun 1980 ne kuma aka yaɗa murhun ƙarfe mai rage cin itace da ake kira Mai Sauƙi, wanda maƙera suke yankawa daga tsohon duro.

Wasu sababbin rassa sun tsiro. Masu narka sanholo, wanda ke zama ruwa a digiri 660 kawai, suka riƙa zuba tukwane da ludaya cikin yashi, kamar yadda ake gani a kasuwar Katako ta Yamai. Walda ta shigo da ƙofofi da tagogi da gadaje. Zugazugi na fata ya fara ba da wuri ga fankar da ake juyawa da ƙafar keke. Da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, kayan waje suka yi tsada, jama'a suka sake komawa ga na gida. Haka ma lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mutanen bakin iyaka sun sake ganin amfanin mai gyara na kusa.

Masu koyo don sha'awa

A ƙasashen Turai da Amurka, masana'antu da motocin noma sun kusa shafe maƙeran ƙauye tun tsakiyar ƙarni na 20. Waɗanda suka farfaɗo da sana'ar, da yawansu mutane ne masu wani aikin daban, da suka kafa ƴar maƙera a bayan gida don sha'awa. A 1973 aka kafa ƙungiyar ABANA a Amurka, a 1978 aka kafa takwararta BABA a Birtaniya. Abin lura shi ne, darussan farko da suke koyarwa, wato ƙusa da ƙugiya da awartaki da wuƙa, su ne dai waɗanda ɗan maƙerin Dandi yake farawa da su. Wasunsu ma suna gina tanderun yumɓu suna gwada narka tama, suna neman ilimin da kakannin mutanen wannan ƙasa suka riƙe ƙarnuka.

A nan ƙira ba ta mutu ba, amma sharuɗɗan shigarta sun sassauta. A da gado ce, bare ba ya kusantarta. Yanzu makarantar boko da cirani da sana'ar kabu-kabu suna janye ƴaƴan maƙera daga bayan zugazugi, a daidai lokacin da cibiyoyin koyar da sana'o'i suke karɓar kowane matashi ba tare da tambayar asalinsa ba. Wanda yake son koyo a gida ba ya buƙatar dukiya mai yawa: guntun dogo ya isa uwar maƙera, ga guduma, ga gawayi, ga tsohon ƙarfe a kasuwa. Abin da ba ya sayuwa shi ne idon gwani a kansa. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Mai sha'awa yana buƙatar tsohon maƙeri, tsohon maƙeri kuma yana buƙatar wanda zai miƙa wa abin da ya sani. Akwai kuma hatsarin da sabon ƙarfe ya kawo wanda magabata ba su sani ba: hayaƙin ƙarfen da aka shafe da tutiya yana cutar da ƙirji, duron da ya taɓa ɗaukar fetur yana iya fashewa idan aka sa masa wuta, hasken walda kuma yana ƙona ido.

Kammalawa

Cikin shekaru ɗari, maƙerin wannan ƙasa ya tashi daga dutsen tama zuwa sifirin mota, daga mashi zuwa garmar shanu, daga fatar akuya zuwa ƙafar keke, kuma bai daina ciyar da manomi da masunci da kayan aiki ba. Abin da ya ɓace shi ne narka tama. Abin da ke cikin haɗari yanzu shi ne sunayen kayan aiki, da kirari, da kiɗan dundufa, da sanin wuraren da aka haƙi tama. Dattawan da suka ji waɗannan daga bakin iyayensu suna ƙara ƙaranci kowace shekara. Ya dace fada da ƙaramar hukuma da malaman makaranta su haɗa hannu a naɗi muryoyinsu, a ƙidaya tulin kashin maƙera da ke cikin gonaki kafin garma ta watsa su, a dasa ƙirya, a kuma riƙa kai ƴan makaranta maƙera su ga aiki da idonsu. Allah ya ja zamanin sarki, ya albarkaci masu sana'a, ya ba ƙasa lafiya da damina mai albarka. Amin.